Shin Ya Kamata Manhajojin Hira Na AI Su Riƙa Kawo Kowane Ɓangare Idan Ana Saɓani?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin sakandare da ke koyar da darasin gwamnati. Ya ce ɗalibansa sun koma tambayar ChatGPT da Meta AI na cikin WhatsApp duk abin da ya shige musu duhu. Ya lura wani lokaci manhajar takan yanke hukunci kai tsaye, wani lokaci kuma ta ce wasu na ganin kaza, wasu na ganin kaza, ta bar yaro bai san inda zai kama ba. Yana son ya san wanne ne daidai.

Malam, amsata ita ce e, ya kamata ta kawo ɓangarori, amma ba a kan kowace tambaya ba, kuma jera ra'ayoyi kaɗai ba ya wadatarwa. Na daɗe ina tace rahotanni a ɗakin labarai na rediyo kafin na koma koyar da aikin jarida, kuma wannan matsalar mun sha fama da ita tun ba a yi mafarkin na'ura mai ba da amsa ba. Abin da ya sauya shi ne girman wanda ke magana da kuma yadda ake sauraronsa.

Idan wani malami ko ɗan siyasa ya faɗi ra'ayinsa a rediyo, mai sauraro ya san da wa yake magana. Ya san masallacin da yake salla, ya san jam'iyyarsa, ya san wanda ya tsaya masa, don haka yana auna maganar da wannan sanin. Idan kuma ya yi ɓaranɓarama, kafin a gama shirin wayoyi sun fara shigowa. Manhaja ba ta da fuskar da za a karanta. Tana magana cikin natsuwa, da murya ɗaya, ga ɗaruruwan miliyoyin mutane a kowane mako, kowa shi kaɗai da wayarsa, babu na uku da zai ce a'a, ba haka ba ne. Tamkar gari ne guda da kowa ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya: ɗan abin da aka zuba mata, ko bai canja ɗanɗano ba, ya shiga kowane gida. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna hakan a fili. An sa mutane kusan 1,500 su yi rubutu a kan ko kafafen sada zumunta alheri ne ga al'umma, aka ba wasunsu mataimakin rubutu da aka karkatar da shi gefe guda a ɓoye. Rubutunsu ya karkata, da aka tambaye su ra'ayinsu daga baya shi ma ya karkata, kuma yawancinsu ba su ma lura an ja su ba. Wannan shi ya sa nake ganin nauyin da ke kan manhaja ya fi na kowane marubuci guda. A Amurka, daga 1949 zuwa 1987, an yi ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin su ba ra'ayoyi mabambanta dama a kan batutuwan da jama'a ke jayayya, hujjar kuwa ita ce tashoshin kaɗan ne, ba kowa ke da tasa ba. Yau manyan manhajojin nan a hannun kamfanoni ƙalilan suke. Hujjar ta dawo.

Sai dai kuma akwai tambayar da kawo ɓangare biyu a kanta zalunci ne. Ɗauki uwa da ta rubuta wa manhaja cikin dare tana tambaya ko ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, domin gobe masu rigakafi za su zo unguwa kuma surukarta ta ce kada a buɗe musu ƙofa. Wannan matar ba muhawara take nema ba. Amsar ita ce ba ya hana haihuwa, kuma ya kamata a faɗa mata haka a layin farko. Mun ga abin da jita-jitar nan ta jawo. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano, ba a ci gaba ba sai ƙarshen Yulin 2004 bayan an kawo wani rigakafin daga Indonesiya, kuma a tsakanin nan da 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da suka shanye a wancan lokacin yanzu manya ne, suna nan a cikinmu.

Amma ka lura, faɗin gaskiya kai tsaye bai nufin a ɗauki surukar nan a matsayin jahila. Tsoronta yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Manhajar da ta san aikinta za ta ce wa uwar nan: rigakafin ba ya hana haihuwa, ga dalilin da ya sa mutane suka tsorata, ga bambancin wancan gwaji da wannan ɗigo da ake ba yara a ƙasashen duniya, ciki har da na Musulmi. Za ta kuma gaya mata cewa akwai nau'in ƙwayar cutar da kan ɓulla daga ɗigon kansa, ba kasafai ba, kuma a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba yake samun gindin zama. Ta ba ta labarin duka, ba ta raba gaskiya gida biyu ba. Ita kanta BBC, wadda aka sani da tsantseni a kan rashin ɗaukar ɓangare, sai da ta gaya wa ma'aikatanta a 2018 cewa ba sai sun nemo mai musun ɗumamar yanayi ba don a ce sun daidaita rahoto.

To, yawancin tambayoyin da ɗalibanka za su yi ba haka suke ba. A cakuɗe suke, rabi abin da za a iya aunawa, rabi abin da ya danganta ga me mutum ya fi ba muhimmanci. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne na fi ganin gazawa.

Ka ce yaro ya tambaya: cire tallafin man fetur daidai ne ko kuskure? Akwai abubuwan da ba ra'ayi ba ne, ya kamata a zube masa su ba tare da "wasu sun ce" ba. Shugaba Tinubu ya sanar da cirewar ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa. Lita tana ƙasa da naira 200, cikin 'yan kwanaki ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kamfanin mai na ƙasa ya ce tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. A lokacin tallafin ana fasa-ƙwaurin man mai araha zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru bayan cirewar. Hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kodayake karyewar darajar naira na da nata kason a ciki. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta gwada, lita ta tashi daga 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo 97. Duk mai gaskiya, ko wane ɓangare yake, zai amince da waɗannan.

Bayan nan ne saɓanin gaske ya fara. Mai goyon bayan cirewa yana cewa kuɗin da ake ƙonawa a tankin masu motoci da aljihun 'yan fasa-ƙwauri ya fi dacewa da asibiti da makaranta, kuma bashi ake ci ana biya. Mai adawa yana cewa man nan mai araha shi ne kaɗai abin da talaka ke gani a ƙasa daga arzikin ƙasarsa, kuma ba shi da dalilin yarda cewa kuɗin da aka tara za su iso gare shi. Akwai na uku da ke cewa cirewar dole ce, amma yin ta rana ɗaya ba tare da tanadin sufuri da albashi ba shi ne laifin. Ka duba da kyau, ba a kan alƙaluma suka rabu ba. Sun rabu ne a kan ko za a amince wa gwamnati da kuɗin, da kuma wa ya kamata ya ɗauki wahalar yau don ribar da aka ce tana gobe. Idan manhaja ta nuna wa yaro wannan mararrabar, ta koya masa abin da zai yi amfani da shi a kan dokar haraji da rikicin masarautar Kano da duk wata jayayya da zai tarar nan gaba. Idan kuwa ta tsaya ga "wasu na yabo, wasu na suka", ta cika shafi ne kawai.

Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma ina jin takaicin yadda muke mantawa da hakan. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, haka ya gina littafinsa Bidayatul Mujtahid: a kowace mas'ala sai ya faɗi inda malamai suka haɗu, ya faɗi inda suka rabu, sannan ya kawo sababin saɓaninsu, ko hadisi ne ya iso wa wani bai iso wa wani ba, ko lafazi ne ke ɗaukar ma'ana biyu. An kuma ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya so ya ɗora dukkan jama'a a kan Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, amma Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun warwatsu a garuruwa kuma kowane gari ya riƙe abin da ya iso masa. Mutumin da aka miƙa wa damar zama murya ɗaya tilo ya ƙi karɓa. Haka kuma malamanmu na zaure sun san ba kowa ake buɗe wa saɓani ba. Yaro da Ahalari da Ishmawi yake farawa, a koya masa alwala da salla a kan hanya ɗaya, sai ya yi nisa ake kai shi inda malamai suka rabu. Ita ma manhaja ya kamata ta duba abin da aka tambaye ta. Wanda ya ce shi Bamalike ne yana son sanin hukuncin ƙabli da ba'adi a mazhabarsa, a ba shi na mazhabarsa, in ya so a ƙara masa layi ɗaya cewa wasu mazhabobin sun bambanta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda masu wannan muhawara a Amurka da Turai ba sa kawowa domin ba matsalarsu ba ce. Kafin manhaja ta kawo ɓangarori, sai ta san su. Abin da ta sani kuwa daga rubutun da aka ɗura mata ya fito, mafi yawansa na Ingilishi, kaɗan ne ƙwarai na Hausa. Muhawarorinmu da yawa ba a rubuce suke ba. Suna cikin karatun azumi, da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, da saƙon murya na WhatsApp, da hirar majalisa bayan la'asar. Don haka manhaja za ta iya kawo maka ɓangare biyu cikin ladabi, alhali duka biyun na wasu mutane ne a wata ƙasa.

Gwada ta da ƙabalu da sadalu. Manhajar da ta koyi addini daga shafukan fatawa na intanet tana iya ce wa yaro sakin hannu a salla ba shi da tushe, yaron ya tashi yana kallon kakansa a matsayin wanda bai iya salla ba. Alhali a cikin mazhabar Malikiyya kanta maganar biyu ce: Muwaɗɗa ta kawo hadisin ɗora dama a kan hagu, Mudawwana kuma ta kawo riwayar Ibnul Ƙasim cewa Malik bai so hakan a farilla ba, kuma a kan wannan riwayar mutanen ƙasar nan suka daɗe. Mas'alar nan ta taɓa zama ta rikici a ƙasar Sakkwato a shekarun 1950 da 1960, lokacin da mabiya Shehu Ibrahim Inyass ne aka sani da ƙabalu, tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978. Amsar da ba ta san wannan tarihin ba za ta iya hura wutar da iyayenmu suka sha wahala kafin ta lafa. Haka rikicin manoma da makiyaya. Abin da aka rubuta a kan dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta 2017 yana da yawa, amma muryar makiyayin da aka nome masa burtali da ta manomin da aka cinye masa gona ana saura kwana kaɗan girbi ba su cika isa shafin jarida ba, kuma dukansu suna da abin faɗa. Haka juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023: abin da jaridun Faransa suka rubuta daban, abin da ake faɗa a Yamai da Maraɗi da Damagaram daban, kuma su kansu 'yan Nijar ba bakinsu ɗaya ba.

Ma'aunin da nake ba ɗalibaina a aikin jarida shi nake ɗora wa manhaja. Idan ka rubuta hujjar wani ɓangare, ka kai wa mai wannan ra'ayin ya karanta. In ya ce e, haka nake nufi, har ka fi ni iya faɗa, to ka yi adalci. In ya ce wannan ai yadda abokan hamayyata ke ba da labarina ne, to ba ka kawo ɓangarensa ba, ko da ka ba shi rabin shafi.

Za ka ji masu cewa duk wannan yaudara ce, babu wanda ba shi da ɓangare, kuma wani ne ke zaune yana yanke wace tambaya ce ta saɓani, wace ce an gama da ita. Gaskiya ne, kuma muna da shaida. Manhajar DeepSeek ta China, da ta yi tashe a Janairun 2025, takan kauce idan aka tambaye ta abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, kuma dokar ƙasar ta 2023 ta wajabta wa irin waɗannan manhajoji bin aƙidar gwamnati. A Mayun 2025 Grok ta kamfanin Elon Musk ta riƙa cusa maganar wai ana yi wa fararen fata kisan ƙare dangi a Afirka ta Kudu cikin amsoshin da ba su da alaƙa da batun, kamfanin ya ce wani ne ya taɓa umarninta ba da izini ba. A Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya gindaya sharuɗɗan aƙida ga manhajojin da gwamnatin tarayyar Amurka za ta saya. Hannun mutane na ciki dumu-dumu. Amma ni abin da na ɗauka daga nan shi ne a matsa wa kamfanonin su bayyana ƙa'idojinsu a fili, a kuma riƙa gwada su da tambayoyinmu. Alƙali ma yana da ra'ayi, ba a ce don haka ya daina sauraron ɓangare biyu ba.

Akwai wata illa da ta fi karkata gefe guda muni, ita ce manhaja ta karkata ga duk wanda ke gabanta. An horar da su ne da abin da mutane suka nuna sun fi so, mutum kuwa yana son a ce masa ya yi daidai. A Afrilun 2025 sai da OpenAI ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta koma bambaɗanci, tana yaba duk abin da aka kawo mata. Ka yi tunanin ɗan Kwankwasiyya da ɗan Gandujiyya, kowa ya tambaye ta batun masarauta da irin lafazinsa, kowa ya tashi da tabbacin cewa har na'ura ta ba shi gaskiya. Wannan ya fi ƙarfin son kai na jarida, domin jarida aƙalla abu ɗaya take bugawa kowa ya gani. Tambaya ɗaya ya kamata ta samu gundarin amsa ɗaya, ko wa ya yi ta.

Ban ce kuma manhaja ta zama mai noƙe-noƙe ba. Idan ɗalibinka zai yi muhawara a makaranta ya ce ta rubuta masa hujjojin goyon bayan 'yan sandan jihohi, ta rubuta masa da ƙarfinsu, domin ya san abin da ya nema. Idan ya kawo mata ƙarya, ta ce masa ƙarya ce ta kawo dalili. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024, a kan mutane sama da 2,000 masu imani da labaran maƙarƙashiya, ya gano cewa gajeriyar hira da manhaja mai kawo hujja dalla-dalla ta rage ƙarfin imaninsu da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma ragin bai gushe ba bayan wata biyu. Mutane suna sauraron hujja idan an girmama su. Inda nake son ta kame bakinta shi ne idan aka ce ta zaɓa wa mutum ɗan takara, ko ɗariƙa, ko ta yanke masa abin da ya rataya ga imaninsa da lamirinsa. A nan ta faɗa a fili cewa ba za ta zaɓa masa ba, ta shimfiɗa masa hujjojin, ta kuma nuna wanne ne ra'ayin mafi yawan masana idan akwai, wanne ne na 'yan tsiraru, kada ta daidaita abin da ba daidai yake ba.

A ajinka, Malam, kada ka hana su amfani da ita, domin ba za su bari ba. Ka ba su tambaya ɗaya, misali ta tallafin mai. Rabin aji su yi ta da lafazin mai goyon baya, rabi da lafazin mai adawa, wasu da Hausa wasu da Ingilishi, sannan su kawo amsoshin a karanta a gaban kowa. Su ja layi a ƙarƙashin abin da za a iya tabbatarwa, su je su tabbatar da shi a wani wuri, domin manhajojin nan suna ƙirƙiro alƙaluma da sunayen littattafai idan sun rasa. Abin da ya rage su tambaye ta: a kan me ainihi ɓangarorin suka rabu, kuma ra'ayin wa ba ki kawo ba? Daga nan ka tura su gida su yi wa mahaifi ko kaka ko mai shagon unguwa wannan tambayar, su rubuto abin da ya faɗa wanda babu shi a amsar manhajar.